Yadda za ka warware rikicin Jamus na 1918 zuwa 1933 da jadawali uku da kalanda guda

Wanda duk ya taɓa jin labarin Jamus a tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, yawanci zance ɗaya yake riƙewa: kuɗi ya lalace har ana tura shi a baro don sayen burodi, jama'a suka fusata, sai suka zaɓi Hitler. Zancen yana da sauƙin haddacewa, amma ya cakuɗa cuta biyu da ba su yi kama da juna ba. An tsayar da hauhawar farashi a Nuwamban 1923. An naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Tsakaninsu shekara tara da wata biyu ne, kuma a lokacin da jam'iyyarsa ta yi tashe, farashin kaya sauka yake yi. Ɗalibi ko malami ko marubucin da yake son ya gano bakin zaren wannan zamani yana bukatar hanyar da za ta raba masa abubuwan nan, kuma hanyar ba ta wuce takarda da alƙalami da ɗan lissafi ba.

Abin da za ka tanada: jadawalin canjin mak (kuɗin Jamus na lokacin) da dala, jadawalin marasa aikin yi, jadawalin sakamakon zaɓe, sai kalanda ta watanni goma na ƙarshe. Ƙa'ida ɗaya ce take riƙe da aikin duka. Kada ka rubuta adadi ba tare da kwanan watansa a gefe ba, kuma kada ka ce abu kaza ne ya haifar da abu kaza sai ka tabbatar shi ya riga faruwa.

Jadawali na farko: mak da dala

Ja sahu biyu, ɗaya na wata da shekara, ɗaya na yawan mak ɗin da ake bayarwa a karɓi dala ɗaya ta Amurka. Dala ce ma'auni saboda a wancan lokaci tana ɗaure da zinariya, ba ta motsi. Cika shi haka:

Yulin 1914, mak 4.2
Janairun 1920, kusan mak 65
Yulin 1920, kusan mak 40
Yulin 1921, kusan mak 77
Janairun 1922, kusan mak 192
Yulin 1922, kusan mak 493
Janairun 1923, kusan mak 18,000
Yulin 1923, kusan mak 353,000
Agustan 1923, kusan mak miliyan 4.6
Satumban 1923, kusan mak miliyan 99
Oktoban 1923, kusan mak biliyan 25
20 ga Nuwamban 1923, mak tiriliyan 4.2

In za ka zana wannan a takarda, kada ka yi amfani da ma'auni na yau da kullum, don layin zai kwanta a ƙasa shekara tara sannan ya miƙe tsaye a wata ɗaya, ba abin da za ka koya daga ciki. Yi ma'aunin ninki, wato kowace matakala ta zama ninki goma na wadda ke ƙarƙashinta. Daga 4.2 zuwa tiriliyan 4.2 matakala goma sha biyu ce cif. Yanzu ƙirga: shekara takwas na farko, daga 1914 zuwa Yulin 1922, matakala biyu kawai aka hau. Sauran goman a wata goma sha shida aka haye su, bakwai daga ciki a wata huɗu na ƙarshe.

Tarko na farko a nan na harshe ne, kuma ya kama mutane da yawa. Bajamushe in ya rubuta Milliarde yana nufin biliyan, mai sifili tara. In ya rubuta Billion yana nufin tiriliyan, mai sifili goma sha biyu. Takardar kuɗi mafi girma da babban bankin ƙasar, Reichsbank, ya fitar an rubuta mata 100 Billionen Mark, wato mak tiriliyan 100, wadda a canjin ƙarshe ba ta kai dala 24 ba. Wanda ya karanta ta a matsayin biliyan 100 ya yi kuskuren ninki dubu. Haka kuma kwanan watan da ke jikin takardar kuɗi ba lallai ya zama ranar da ta shiga hannun jama'a ba. Akwai takardar mak 1,000 mai ɗauke da Disamban 1922 da aka buga wa sabon rubutu a kai a 1923 ta koma biliyan ɗaya.

Tarko na biyu shi ne amfani da matsakaicin wata a ƙarshen 1923. A Oktoba farashi yana ninkawa kafin kwana huɗu su cika, saboda haka "farashin Oktoba" ba shi da ma'ana sai an faɗi rana. Gwada da adadin da aka fi yawan kawowa, wato burodi a kusan mak biliyan 200 a Berlin cikin Nuwamba. A farkon watan dala tana kusan biliyan 130, kuɗin burodin ya haura dala ɗaya da rabi ke nan. A ranar 20 ga wata kuwa, wannan adadin bai kai santi biyar ba. Adadi ɗaya, wata ɗaya, bambancin ya fi ninki talatin.

Ga lissafin da za ka riƙa yi kullum. Don mayar da mak ɗin takarda zuwa mak ɗin zinariya, wato darajar kafin yaƙi, ninka adadin da 4.2 sannan ka raba da canjin dala na ranar. Ɗauki mutumin da ya ajiye mak 50,000 a banki a 1914, kuɗin da ya kusa dala 11,900. A Janairun 1922 ajiyarsa ta koma kusan dala 260. A Janairun 1923 ba ta kai dala 3 ba. Abin lura a nan shi ne, kafin watannin da ake ɗaukar hoton baro, mai ajiya ya riga ya rasa fiye da kashi 97 cikin ɗari tun farkon 1922. Shekarar 1923 gawa ta binne, ba ita ta yi kisan ba.

Gwada dalilai da kwanan wata

Yanzu ɗauko dalilan da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya ka aza su a kan jadawalin.

Ana cewa diyyar yaƙi ce, wato kuɗin da aka ɗora wa Jamus ta biya ƙasashen da suka ci ta da yaƙi. An sa hannu a yarjejeniyar Versailles ranar 28 ga Yunin 1919, amma ba a yanke adadin diyyar ba sai Mayun 1921 a Landan, mak ɗin zinariya biliyan 132. Dubi jadawalinka: tun Janairun 1920 mak ya zubar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na darajarsa. Tushen yana cikin yaƙin kansa. A ranar 4 ga Agustan 1914 aka daina canza mak da zinariya, kuma gwamnatin sarki Wilhelm na Biyu ta ɗauki nauyin yaƙin da bashi fiye da haraji, da fatan waɗanda za ta ci da yaƙi su ne za su biya. Amma kada ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka ce diyyar ba ta yi komai ba. Daga bazarar 1920 zuwa tsakiyar 1921 mak ya ɗan natsu, bayan takardar Landan ne ya sake gangarawa. Kuma in za ka kawo biliyan 132, ka fasa shi kashi uku kamar yadda takardar ta yi: biliyan 12, biliyan 38, da biliyan 82. Kashi na ukun an jingine shi sai ranar da aka ga Jamus za ta iya, ranar da ba ta zo ba. Nauyin da aka ɗora a aikace biliyan 50 ne, a biya biliyan 2 duk shekara haɗe da kashi 26 cikin ɗari na darajar kayan da ƙasar ta fitar waje.

Ana cewa mamayar Ruhr ce, yankin manyan masana'antun Jamus. Sojojin Faransa da Beljiyam sun shiga yankin ranar 11 ga Janairun 1923, gwamnatin Wilhelm Cuno ta ce wa ma'aikata su ƙi aiki, ita kuma ta riƙa biyansu da kuɗin da ake bugawa. Wannan ya ƙara wa wutar fetur sosai, amma mummunan hawan ya fara ne tun tsakiyar 1922, jim kaɗan bayan an kashe ministan harkokin waje Walther Rathenau ranar 24 ga Yuni, lokacin da masu kuɗi na ciki da waje suka yanke ƙauna.

Yadda injin yake juyawa kuwa, sassa uku ne. Gwamnati tana kashe fiye da abin da take samu, sai ta rubuta takardar bashi ta kai Reichsbank, bankin ya buga kuɗi ya ba ta. Haraji kuma ana yanke shi yau a biya bayan watanni, lokacin da kuɗin ya zama toka, giɓin ya ƙara faɗi. Zuwa Oktoban 1923 haraji bai fi ɗaukar kusan kashi 1 cikin ɗari na kashe-kashen gwamnati ba. Na uku, bankin yana ba 'yan kasuwa rance da ruwa mai arha: kashi 5 cikin ɗari a shekara har Yulin 1922, kuma ko da aka kai shi kashi 90 a Satumban 1923, farashi yana yin wannan hawan a 'yan kwanaki.

Wa ya ci, wa ya rasa

Kada ka rubuta cewa "Jamusawa sun talauce" ka wuce. Kowane rukuni ka yi masa tambaya uku. Shi ake bi bashi ko shi yake bi? Sau nawa ake gyara masa abin da yake samu? Dukiyarsa kaya ce ko takarda?

Manomi mai bashin jinginar gona da mai masana'antar da ya ci rance sun biya da kuɗin banza. Attajiri Hugo Stinnes da irin wannan hanya ya tara kamfanoni masu yawa. Babbar mai cin riba ita ce gwamnati: bashin yaƙi na mak biliyan 154 ya koma fenik 15.4 a sabon kuɗi (fenik ɗari ne mak ɗaya). Ma'aikacin masana'anta yana tsakiya, don ƙungiyarsa tana sa a gyara albashi akai-akai, har aka kai ana biya kusan kullum, kuma aiki yana samuwa har ƙarshen 1922. Waɗanda aka yi wa ƙarƙaf su ne 'yan fansho, masu ajiyar banki, zawarawa masu rayuwa da kuɗin ruwa, da duk wanda ya sayi takardun lamunin yaƙi don kishin ƙasa.

Sai ka bi su har 1925, don nan ne ciwon ya zauna. A Yulin wannan shekara aka yi dokar sake ƙimanta tsofaffin basussuka: mai bin bashin jingina ya samu kashi 25 cikin ɗari, takardun lamunin gwamnati kuma aka canza su a kan kashi 2.5. Mai bi ya ga an cuce shi, wanda ake bi ya ga an tayar masa da bashin da ya biya. Jam'iyyun masu matsakaicin ƙarfi sun yi asarar amincin ɓangarorin biyu, ƙuri'unsu suka fara watsewa zuwa ƙananan jam'iyyu. Wannan ita ce igiyar gaskiya da ta haɗa 1923 da 1933, kuma doguwa ce.

Game da yadda aka tsayar da hawan, kada labarin jinginar filaye ya ɗauke maka hankali. An fitar da sabon kuɗi, Rentenmark, ranar 15 ga Nuwamban 1923, ɗaya a kan tsohon mak tiriliyan ɗaya, aka ce gonaki da masana'antu ne madogararsa. Ba wanda zai iya kai takardar a yanka masa fili. Abin da ya yi aiki shi ne an ƙayyade yawansa a biliyan 2.4, Reichsbank ya daina karɓar takardun bashin gwamnati, shugaban gwamnati Gustav Stresemann ya riga ya janye ƙin aiki a Ruhr tun 26 ga Satumba, an sallami ɗaruruwan dubban ma'aikatan gwamnati, kuma a Afrilun 1924 shugaban Reichsbank Hjalmar Schacht ya toshe ƙarin rance da aka ga kuɗin yana neman sake zamewa.

Jadawali na biyu: marasa aikin yi

Rubuta matsakaicin shekara na waɗanda suka yi rajista: kusan miliyan 1.4 a 1928, miliyan 1.9 a 1929, miliyan 3.1 a 1930, miliyan 4.5 a 1931, miliyan 5.6 a 1932. Ƙololuwar ita ce Fabrairun 1932, sama kaɗan da miliyan 6.1.

Abu biyu suke ɓata wannan jadawali. Na farko, sanyi. Aikin gini da na gona suna tsayawa a hunturu, saboda haka adadin yana hawa duk Fabrairu ya sauka duk bazara. Gwada Fabrairu da Fabrairu, ko matsakaicin shekara da matsakaicin shekara, in ba haka ba za ka ga farfaɗowa inda babu. Na biyu, rajista ba ta ƙirga wanda ya gaji ya daina zuwa ofishin aiki, ba ta kuma ƙirga wanda aka rage wa kwanakin aiki. Adadin hukuma shi ne mafi ƙarancin abin da ya faru.

Kada ka fara labarin daga faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929. A hunturun da ya gabace ta marasa aiki a Jamus sun riga sun kai wajen miliyan 3, manoma kuma tun wajen 1928 suke kuka da faɗuwar farashin amfanin gona. Shekarun kwanciyar hankali na 1924 zuwa 1929 a kan rancen waje aka gina su. Shirin Dawes na 1924 ya buɗe ƙofa da rancen mak ɗin zinariya miliyan 800, kuɗin Amurka ya riƙa kwarara, Jamus ta biya diyya ga Faransa da Ingila, su kuma suka biya Amurka bashin yaƙi. Rauninsa shi ne, kaso mai yawa rance ne na gajeren lokaci, bankuna kuma suka zuba shi a ayyukan dogon lokaci. Mai kuɗi yana iya neman abinsa cikin wata uku, kuɗin kuwa yana cikin ginin da ba ya motsi.

A gefen jadawalin sa waɗannan ranaku. A 1927 aka kafa inshorar rashin aiki, an tsara ta don adadin da bai kai miliyan ɗaya ba. Ranar 27 ga Maris 1930 gwamnatin haɗin gambiza ta Hermann Müller ta rushe a kan taƙaddamar kuɗin da za a riƙa zubawa a wannan inshora, rigimar rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ita ce gwamnati ta ƙarshe mai rinjaye a majalisa. A Mayun 1931 bankin Creditanstalt na Ostiriya ya durƙushe, ranar 13 ga Yuli Danatbank na Jamus ya rufe ƙofa, aka rufe bankuna duka na kwana biyu. Heinrich Brüning, wanda ya gaji Müller a shugabancin gwamnati, ya amsa da tsuke bakin aljihu: ƙarin haraji, rage albashi, rage tallafi. Dokarsa ta 8 ga Disamban 1931 ta mayar da albashi matsayin farkon 1927.

A nan za ka ga inda 1923 ta sake shigowa. Ingila ta saki zinariya a Satumban 1931, kuɗinta ya sauka, kayanta suka yi arha. Jamus ba ta bi ba. Dalilan sun haɗa da dokar banki ta 1924 da ta wajabta a riƙe kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo a zinariya da kuɗin waje, da basussukan da aka ci da kuɗin waje, da burin Brüning na nuna wa duniya cewa ƙasar ba za ta iya biyan diyya ba. Sai kuma tsoro, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Masana har yau suna jayayya ko Brüning yana da wata mafita. In za ka shiga wannan muhawara, ka faɗi watan da kake magana a kai, don abin da zai yiwu a 1930 daban yake da na bayan Yulin 1931. Diyyar dai an soke ta a taron Lausanne a Yulin 1932, makonni kaɗan bayan an sauke Brüning.

Jadawali na uku: ƙuri'a

Yi sahu huɗu ga kowace jam'iyya: yawan ƙuri'a, kaso cikin ɗari, kujeru, da jimillar kujerun majalisa. Sahu na ƙarshe dole ne, saboda a tsarin Weimar, wato jamhuriyar Jamus ta wannan zamani, duk ƙuri'a 60,000 kujera ɗaya ce, majalisar Reichstag tana faɗaɗa in mutane sun fito da yawa: kujera 491 a 1928, 577 a 1930, 608 a Yulin 1932, 584 a Nuwamban 1932. Dubi jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzun dimokuraɗiyya. Daga 1928 zuwa 1930 kujerunta sun sauka daga 153 zuwa 143, kamar ba komai, amma kasonta ya faɗo daga 29.8 zuwa 24.5.

Sahun 'yan Nazi: kashi 6.5 a Mayun 1924 da kashi 3 a Disamban wannan shekara, duka biyun cikin ƙawance da wasu masu ra'ayi irin nasu, sai kashi 2.6 da kujera 12 a Mayun 1928. Daga nan kashi 18.3 da kujera 107 a ranar 14 ga Satumban 1930, kashi 37.3 da kujera 230 a ranar 31 ga Yulin 1932, kashi 33.1 da kujera 196 a ranar 6 ga Nuwamban 1932. Aza wannan a kan jadawali na farko, za ka ga bayan hauhawar farashi jam'iyyar ƙanƙancewa ta yi. Yunƙurin juyin mulkin Hitler a Munich ranar 8 da 9 ga Nuwamban 1923, a tsakiyar masifar kuɗin, ya ƙare da shi a kurkuku.

Aza shi a kan jadawali na biyu kuma, za ka ga layukan suna hawa tare. Nan ne kuskure mafi wuyar ganewa yake. Hawa tare a ƙasa baki ɗaya ba ya nufin marasa aikin ne suka jefa ƙuri'ar. Sai ka sauka zuwa gundumomi. Unguwannin ma'aikata da rashin aiki ya fi yi wa katutu sun fi karkata ga jam'iyyar kwaminis, KPD, wadda ta tashi daga kashi 10.6 a 1928 zuwa 16.9 a Nuwamban 1932, har ta zo ta ɗaya a Berlin. 'Yan Nazi sun fi ƙarfi a karkara da ƙananan garuruwan mabiya Furotesta. A Schleswig-Holstein, yankin manoma, sun haura rabin ƙuri'u a Yulin 1932. Yankunan Katolika sun riƙe jam'iyyarsu ta Zentrum, wadda ta tsaya a wajen kashi 12 duk tsawon lokacin.

To daga ina ƙuri'un suka fito? Yi ragi. DVP, jam'iyyar Stresemann, ta sauka daga 8.7 a 1928 zuwa 1.2 a Yulin 1932. DDP ta masu sassaucin ra'ayi daga 4.9 zuwa 1. DNVP ta masu ra'ayin riƙau daga 14.2 zuwa 5.9. Ƙara da ƙananan jam'iyyun da suka narke, da sababbin masu zaɓe, tunda fitowa ta tashi daga kashi 75.6 zuwa 84.1. Mafi yawansu mutane ne da ba su rasa aiki ba tukuna, amma suna da abin da suke tsoron rasawa.

Lissafi ɗaya kada ya wuce ka: 230 a tara da kujera 89 na KPD ya ba da 319 cikin 608. Jam'iyyu biyu da ke son rushe tsarin sun fi rabi. Ba za su kafa gwamnati tare ba, amma suna iya kayar da kowace.

Farfaganda kuma ka ɗauke ta a matsayin shaida kan abin da aka faɗa wa jama'a, kada ka ɗauke ta bayanin abin da ya faru. Zancen cewa 'yan siyasar gida ne suka soki soja ta baya a 1918 ƙarya ce. Manyan hafsoshi da kansu suka nemi a tsagaita wuta a ƙarshen Satumban wannan shekara. Ɗora wa Yahudawa laifin lalacewar kuɗi shi ma ƙarya ne, ga shi ba su kai kashi 1 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Amma ƙaryar ta jawo jini: ranar 5 ga Nuwamban 1923 gungun mutane suka far wa unguwar Scheunenviertel a Berlin, suna dukan Yahudawa suna wawashe shagunansu. Rubuta wannan rana a jadawalinka na farko, kusa da canjin dala.

Kalandar ƙarshe

Jadawali uku za su kai ka bakin ƙofa, ba za su shigar da kai ba, domin ba zaɓe ne ya ba Hitler kujerar ba. Kafin ka buɗe kalandar, karanta sashe biyu na tsarin mulkin 1919. Sashe na 48 ya ba shugaban ƙasa ikon yin dokar ta-ɓaci, majalisa kuma tana iya soke ta. Sashe na 25 ya ba shi ikon rushe majalisar. In aka haɗa biyun, birkin ya tsinke, kuma haka aka yi a Yulin 1930: majalisa ta soke dokar Brüning, shugaban ƙasa Paul von Hindenburg ya rushe ta, aka sake fitar da dokar. Ƙirga sakamakon. A 1930 majalisa ta yi doka 98, dokar ta-ɓaci 5. A 1932 majalisa ta yi 5, dokar ta-ɓaci 66. Kwanakin zamanta sun sauka daga 94 zuwa 13. Mulkin majalisa ya riga ya mutu kafin Hitler ya shiga ofis.

Sai ka jera ranakun. 10 ga Afrilun 1932, Hindenburg ya kayar da Hitler a zaɓen shugaban ƙasa, kashi 53 da 36.8. 30 ga Mayu, Brüning ya sauka. 1 ga Yuni, Franz von Papen ya hau. 20 ga Yuli, Papen ya tumɓuke gwamnatin jihar Prussia, wadda take riƙe da rundunar 'yan sanda mafi girma a ƙasar. 13 ga Agusta, Hindenburg ya ƙi ba Hitler shugabancin gwamnati. 12 ga Satumba, majalisa ta kaɗa wa Papen ƙuri'ar rashin amincewa, 512 da 42. 6 ga Nuwamba, 'yan Nazi suka rasa ƙuri'a kusan miliyan 2. Farkon Disamba, Janar Kurt von Schleicher ya karɓa. 4 ga Janairun 1933, Papen ya gana da Hitler a asirce a Cologne. 30 ga Janairu, naɗin Hitler, da ministocin Nazi biyu kacal a majalisar zartarwa, Wilhelm Frick da Hermann Göring, Papen kuma mataimaki, yana ganin shi zai riƙe linzami. A kowace rana rubuta sunan wanda ya yanke shawarar da kuma zaɓin da yake gabansa. Za ka ga mutanen ba su da yawa, kuma sun miƙa mulkin ne a lokacin da jam'iyyar take sauka.

Zaɓen 5 ga Maris 1933 kada ka sa shi a sahu ɗaya da na baya. Ja layi a tsakani. An yi shi bayan gobarar ginin Reichstag ta 27 ga Fabrairu da dokar washegari da ta dakatar da 'yancin magana da na taro, ana kama 'yan kwaminis, an rufe jaridun adawa. Duk da haka kashi 43.9 'yan Nazi suka samu. Haka ma ƙuri'ar 23 ga Maris da ta ba gwamnati ikon yin doka ba tare da majalisa ba, 444 da 94. In ka rubuta ta, rubuta a gefe cewa wakilan KPD 81 ba ko ɗaya a zauren, wasu suna tsare wasu sun ɓuya, wakilan SPD 26 su ma ba su samu halarta ba, kuma 94 ɗin da suka ce a'a dukkansu 'yan SPD ne.